Ɗan mage maraya yana amai: tambayoyi da amsoshi ga masu shayar da shi da hannu a Damagaram

Ɗan magen da bai kai wata guda ba bai da ajiya a jikinsa: ba kitse, ba sukari mai yawa a hanta, ba ruwan da zai yi asara ya zauna lafiya. Amai sau biyu ko uku a jere yana iya kwantar da shi cikin wuni ɗaya. Sai dai yawancin aman da ake gani a wajen marayun da ake shayarwa da sirinji ko kwalba ba cuta ce ke kawo shi ba. Daga hannun mai shayarwa yake fitowa: an ba shi madara jikinsa da sanyi, ko an cika masa ciki, ko an ɗura masa da sauri, ko madarar ba irin tasa ba ce. Waɗannan duk ana iya gyara su a gida. Ragowar kuma sai likitan dabbobi, kuma sai da wuri.

Madara ta dawo ta bakinsa. Amai ne wannan?

Abubuwa uku ne ake haɗawa a kira su amai, alhali kowanne da hukuncinsa.

Tumbuɗi shi ne madara ta dawo ba tare da yunƙuri ba, jim kaɗan bayan ya sha, tana nan fara kamar yadda aka ba shi. Kamar na jariran mutane ne, kuma galibi yana nufin ciki ya cika ko iska ta shiga. Amai na gaske yana zuwa da kakari: za ku ga cikin yana motsawa, yana miƙa wuya, yana lashe baki, sannan abin ya fito guda-guda da warin tsami, wani lokaci da kumfa ko ruwa rawaya. Na uku shi ne ƙwarewa, wato madara ta bi hanyar numfashi. Alamarta kumfar madara a hanci, atishawa, tari, ko wani ƙurƙur a ƙirji.

Tumbuɗi sau ɗaya ga ɗan magen da ke da kuzari, yana tsotso da ƙarfi, nauyinsa na ƙaruwa, ba abin tayar da hankali ba ne. Amai mai maimaituwa da ƙwarewa su ne ake gudu.

Ya yi amai yanzun nan. Me zan fara yi?

Ku ajiye sirinjin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce ya amayar da abin da ya sha, bari a mayar masa da wani. Cikin da ya ƙi madara yanzu zai sake ƙin ta, kuma a karo na biyu ne ta fi shiga huhu.

Ku kifa shi a tafin hannu, kansa ya ɗan fi ƙugunsa ƙasa, ku goge masa baki da hanci da tsumma mai laushi. Kada a riƙe shi a wujijjiga ko a girgiza wai don madarar ta fito, wannan yana ji wa ƙwaƙwalwarsa ciwo. Daga nan sai a duba abu uku, kuma a jere suke, ba a tsallake ɗaya.

Na farko ɗumi. Ku taɓa tafin ƙafarsa da kunnensa, ku sa ƙaramin yatsa mai tsabta a bakinsa. Idan bakin da sanyi, ba a ba shi komai ya haɗiya sai ya yi ɗumi.

Na biyu sukarin jini. Idan ya yi laushi kamar tsumma, kansa na rinjaya, ko yana karkarwa, ku narkar da sukari cokalin shayi ɗaya a ruwan ɗumi cokali biyu, ku dangwala da yatsa ku shafa masa a dasashi. Shafawa aka ce, ba ɗurawa ba. Ku maimaita bayan kowane minti uku zuwa biyar, kuna ci gaba da ɗumama shi. Idan ƙarancin sukari ne, yakan fara ɗaga kai cikin minti 20 ko makamancin haka.

Na uku ruwan jiki. Jan fatar wuya a saki, yadda ake gwada babbar kyanwa ko akuya, ba ya faɗin gaskiya a jikin jariri. Ku duba dasashi: na mai lafiya ja-ja ne, da danshi da santsi, idan yatsa yana mannewa, ruwa ya yi ƙaranci. Ku kuma duba fitsari a kan farar auduga. Ya kamata ya fito kusan kamar ruwa. Idan ya yi rawaya sosai, ko bai fito ba, jikin ya bushe.

Idan ya yi ɗumi kuma yana iya haɗiya, ku tsallake shayarwa ɗaya, a madadinta ku ba shi ruwan gishiri da sukari irin na yara masu zawo, wanda ake saye a farmasi a zuba ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. A ba shi da ɗumi, mililita 1 ga kowane giram 100 na nauyinsa, ɗigo-ɗigo, duk rabin awa zuwa awa ɗaya. Idan awa biyu zuwa uku suka wuce bai sake amai ba, a koma madara, amma rabin abin da ya saba sha. A ƙara kaɗan-kaɗan har ya koma daidai cikin wuni ɗaya. Wanda bai kai sati biyu ba kada ya wuce awa huɗu babu madara. Ruwan gishiri da sukari ba abinci ba ne.

Me ya haɗa sanyi da amai, mu da garinmu ke da zafi?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi rainawa. Ɗan mage ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya kai sati huɗu. A satin farko ko karkarwar sanyi ba ya iya yi. Uwarsa da ƴan uwansa su ne bargonsa. Zafin jikinsa a satin farko digiri 35 zuwa 37 ne, yana hawa a hankali har ya kai 38 zuwa 39 na babbar kyanwa. Da zarar ya sauka ƙasa da 35, hanjinsa sai su daina motsi. Madarar da aka zuba masa a wannan hali tana zama a ciki ne kawai, ta yi tsami, ta kumbura shi, ta dawo ta baki.

A Damagaram, daren hunturu a watan Disamba da Janairu yakan sauka zuwa wajen digiri 15, ga iska mai busar da jiki. Ku ɗauki ɗan magen da aka kwantar a kwali a kan siminti a zaure. Da magariba ya sha lafiya. Da asuba an tashi salla an same shi shiru, an ɗauka yunwa ce ta hana shi kuka, an haɗa madara an matsa masa mililita shida. Kafin rana ta fito cikin ya yi tauri, madara na fitowa ta hanci. Ba madarar ce ta ɓaci ba, jikin ne ya huce cikin dare. Haka ma da damina, idan ya jiƙe ko ƙasan ɗakin ya yi danshi.

Shimfiɗarsa tana son digiri 30 zuwa 32 a satin farko, 27 zuwa 29 a sati na biyu da na uku, sannan wajen 24 a sati na huɗu. A ɗaga kwalin daga ƙasa, a shimfiɗa tsohon zane ninki-ninki. A cika gorar roba da ruwan zafi a naɗe ta da tsumma, ko a ɗumama gero ko shinkafa a tukunya a ɗure a safa a ɗaure bakin. A sa a gefe ɗaya na kwalin kawai, don in zafi ya yi masa yawa ya rarrafa ya matsa. Gorar da ta huce takan koma jan ɗumi daga jikinsa, saboda haka a canja ruwan duk awa biyu zuwa uku, har cikin dare. Kada a kai shi kusa da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Hayaƙin da ba a gani yana kashe shi kafin mutanen ɗakin su ji ciwon kai.

Wanda ya riga ya yi sanyi, a ɗumama shi a hankali, cikin awa ɗaya zuwa biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa shi cikin riga, fatarsa na taɓa taku, da gorar ɗumi daga waje. Tsoma shi a ruwan zafi ko shanya shi a rana yana ƙara masa wahala. Mai ma'aunin zafi na batir zai iya shafa wa tsininsa bazalin ya sa kamar santimita ɗaya a duburarsa.

Da bazara kuma, a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, matsalar juyewa take. Ɗakin kwano da tsakar rana yana iya dafa shi: za ku ga ya baje, ya buɗe baki, yana kuka ba tsayawa. A mayar da shi ɗakin ƙasa ko inuwa mai iska, a cire gorar, kada a watsa masa ruwan sanyi.

Nawa ya kamata ya sha a zama ɗaya?

Cikinsa yana ɗaukar kimanin mililita 4 ga kowane giram 100 na nauyinsa. Mai giram 100 mililita 4 ke nan, bai ma cika cokalin shayi ba, tun da cokalin shayi mililita 5 ne. Mai giram 200 zai sha 8, mai 300 zai sha 12, mai 400 zai sha 16. Abin da ya wuce haka komawa zai yi.

A satin farko ana shayarwa duk awa biyu, dare da rana. Sati na biyu duk awa biyu zuwa uku, na uku duk awa uku zuwa huɗu, na huɗu duk awa huɗu zuwa biyar. Inda ake samun matsala shi ne dare: a bar shi tun bayan isha'i har asuba, sannan a ce bari a rama masa. Ya zo da yunwa, ya zuƙa da haɗama tare da iska, ya wuce ma'auninsa, ya amayar. Kukansa ma ba kullum ne na yunwa ba. Sanyi na sa shi kuka, fitsarin da ya matse shi na sa shi kuka, ciwon cikin da madarar ta jawo ma na sa shi kuka, sai a ƙara masa wata.

Ba a sanin nauyi da ido. A nemi ƙaramin sikeli na batir mai nuna giram, a auna shi kullum a lokaci ɗaya kafin ya sha, a rubuta a takarda. Ana haihuwarsa da kimanin giram 100, kuma mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana. Takardar nan ta fi kowane gwaji: in nauyi ya tsaya kwana ɗaya a sa ido, in ya tsaya kwana biyu ko ya ragu, akwai abin da ke faruwa ko da amai ya tsaya.

Tsintarsa na yi, ban san kwanakinsa ba.

Cibiya tana faɗuwa tsakanin kwana uku zuwa biyar. Ido yana buɗewa daga kwana bakwai zuwa sati biyu. Ƙananan haƙoran gaba suna fitowa wajen sati biyu zuwa uku, fiƙa a sati na uku zuwa na huɗu. Amma wajen auna madara, nauyi ake bi, ba kwanaki ba.

Yaya ake riƙe shi, kuma me ya sa madara ke fitowa ta hanci?

Yara a gida sukan rungume shi rigingine kamar jaririn mutum, su sa masa sirinji a baki. Babu riƙon da ya fi wannan haɗari. Ku tuna yadda yake sha a jikin uwarsa: rub da ciki, ƙafafu a ƙasa, kai ya ɗan ɗaga. Haka za a ɗora shi a kan tsumma a cinya, a tallafe kan da yatsu biyu ba tare da an lanƙwasa wuyan baya ba.

Da sirinji, a cire allurar tukuna. Ƙarami na mililita 1 ko 2 ya fi, domin babba yakan cije sannan ya ɓalle ya watsa madara a maƙogwaro gaba ɗaya. A gwada shi da ruwa a ga yana tafiya sumul. A sa bakin sirinjin ta gefen baki, a saki ɗigo ɗaya a kan harshe, a jira ya haɗiya. Yatsa ɗaya a maƙogwaronsa zai ji haɗiyar. Jariri ƙasa da kwana goma bai iya kare maƙogwaronsa sosai ba, abin da aka tura masa wucewa yake duk inda ya samu hanya. Da kwalbar shayarwa kuma ramin kan robar ne abin dubawa: in an kifa ta, madara ta riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya. In tana zuba rami ya yi faɗi, in ba ta ɗiga sai an matsa ya yi ƙanƙanta, zai gaji ya cika cikinsa da iska. Ba a matsa kwalba yana sha.

Ɗumin madarar ya zama na jiki, wajen digiri 37 zuwa 38. A tsoma sirinjin ko kwalbar a kofin ruwan zafi, a ɗiga a cikin wuyan hannu a ji. Bayan ya gama a shafa bayansa a hankali ya yi gyatsa.

Idan madara ta fito ta hanci a tsaya nan take, a goge, a kifa shi kamar yadda aka faɗa a sama, a lura da numfashinsa na kwana biyu. Numfashi da sauri, buɗe baki, ƙarar ruwa a ƙirji, ƙin tsotso, ko dasashi ya koma toka-toka, alamar madara ta kai huhu ta zama ciwo, sai magani daga likita. In kuwa kun gyara riƙo da sauri amma duk shayarwa sai ta fito ta hanci, ku buɗe bakinsa da tocila ku dubi gandarsa. Wasu ana haihuwarsu da tsaga a can, kuma waɗannan ba sa shayuwa da kwalba.

Wace madara ce ba ta sa amai? Na shanu, ta akuya, ko ta gwangwani?

Nonon kyanwa ya fi na saniya kauri nesa ba kusa ba: sinadarin gina jiki da ke cikinsa ya ninka na saniya, kitsensa ma ya fi yawa. Madarar saniya zalla ruwa-ruwa ce a wajensa, ga sukarin madara da hanjinsa ke wahalar narkarwa idan ya yi yawa. Sai ya sha ya cika ciki, bai ƙoshi ba, ga zawo da kumburi. Ta akuya ta fi ta saniya kwanciya a ciki, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Madarar jariran mutane ta fi su duka rauni a wajensa. Mafi muni ita ce mai kaurin nan mai sukari ta teburin mai shayi. Sukarinta yana jan ruwa zuwa hanji ya tsinka masa zawo. Garin madarar da ake aunawa a ƙulla a leda ma a yi hattara, da yawansa an cire masa man madara an sa man itace. Nono mai tsami, kindirmo, kunu da koko duk ba na jaririn da bai kai wata ba ne.

Abin da ya dace shi ne garin madarar da aka haɗa musamman don ƴaƴan kyanwa, irin su KMR ko Babycat Milk. Ba abin kantin unguwa ba ne, sai a tambaya a wuraren sayar da magungunan dabbobi ko a yi saƙo Yamai ko Kano. A bi ma'aunin da ke jikin gwangwanin; KMR, misali, awo ɗaya na gari ne da awo biyu na ruwa. Ƙara gari don ya yi saurin ƙiba yana ɗaure ciki ya kawo amai. A dama sosai a tace, gudaji na toshe sirinji.

Kafin a samu, da babu gara ba daɗi: madarar akuya mililita 120, a tafasa ta a bari ta huce zuwa ɗumi, gwaiduwar sabon ƙwai guda ɗaya ba tare da farin ba, man gyaɗa tatacce rabin cokalin shayi, a kaɗa a tace. Tafasawar dole ce, ɗanyar madara tana ɗauke da cututtuka. In babu ta akuya, madarar gwangwani marar sukari irin Peak da aka sirka da ruwa daidai wa daida za ta tsaya a madadinta. Wannan haɗin na ƴan kwanaki ne, ba na reno har yaye ba. Ranar da madarar gaske ta iso kuma kada a sauya lokaci guda, a gauraya tsohuwa da sabuwa na kwana biyu. Sauyin gaggawa kansa yana sa amai.

Ba ni da firigo, ko kuma wuta ba ta zama. Yaya zan ajiye madarar?

Kada ku ajiye. Madarar da aka haɗa tana yin awa 24 ne a firigo mai sanyi da gaske. A zafin ɗaki, balle da bazara, awa ɗaya ta ishe ta fara lalacewa tun kafin hanci ya ji tsami. Gindin randa yana rage zafi amma bai kai firigo ba. A haɗa abin zama ɗaya kawai, ragowa a zubar. Ruwan haɗi, na famfo ne ko na ƴan garuwa, a tafasa shi a zuba a filas. Sirinji da kan roba a wanke da sabulu bayan kowace shayarwa, a ɗauraye da tafasasshen ruwa. Fararen guntayen da ke maƙalewa a tsinin sirinji su ne gidan ƙwayoyin cuta. Garin ma, saboda kitsen da ke cikinsa, zafi na sa shi ɗoyi bayan an buɗe gwangwani. A sansana kafin a haɗa.

Cikinsa ya kumbura, kwana biyu bai yi kashi ba, yanzu ga amai.

Har ya kai sati uku ba ya fitsari ko kashi da kansa, uwa ce ke lashe masa ƙarƙashin wutsiya. A jiƙa auduga da ruwan ɗumi a riƙa shafa wurin a hankali, kafin shayarwa da bayanta. Fitsari kowane lokaci zai fito, kashi kuma sau ɗaya a rana ko kwana ɗaya da rabi. In an manta da wannan, ciki ya cika ta ƙasa, abin da aka zuba ta sama ba shi da wurin zuwa.

Idan ya wuce kwana biyu, a ƙara ruwa kaɗan a madarar na wuni ɗaya, a tsoma bayansa a ruwan ɗumi ana shafa cikin a kewaye, a tsane shi sosai. Kada a tura masa sabulu ko tsinke a dubura, kada a ɗura masa mai ta baki, mai in ya shiga huhu ba ya fita. Ciki mai tauri kamar ganga tare da amai, musamman in yana ihu idan an taɓa, na likita ne a ranar.

Launin kashi ma labari yake bayarwa. Rawaya mai ɗan kauri shi ne daidai. Kore ko ruwa-ruwa yakan nuna an cika masa madara. Fari ko toka-toka mai gudaji yana nufin madarar wucewa take bai narkar ba, a rage yawa. Jini kuma a tafi da shi.

Na ga tsutsa a cikin aman. Zan iya gutsura masa maganin tumaki?

A'a. Fararen tsutsotsin nan masu kama da taliya yana samunsu ne ta nonon uwa, ko da kwana kaɗan ya sha. Suna fara nuna kansu daga sati uku zuwa sama: tumbi ya yi girma, gashi ya yi yamutse, nauyi ya tsaya. Maganin da ake ba jarirai shi ne pyrantel, daga sati biyu, a maimaita duk sati biyu, kuma da nauyi ake auna shi, shi ya sa sai likitan dabbobi ya lissafa. Ƙwayar albendazole ta tumaki da awaki da ake sayarwa a kasuwa tana lalata ɓargon kyanwa. Allurar ivermectin ta shanu kuwa ɗigo kaɗan ya wuce ƙarfin jikin da bai kai rabin kilo ba. Garin neman gira ake rasa ido.

Haka batun ƙuma. Suna shanye jinin jariri har dasashinsa ya yi fari, amma hodar kashe ƙwari da piya-piya sun fi ƙumar saurin kashe shi, kuma amai da dalalar miyau na cikin alamun farko na gubarsu. A taje shi da mataji mai ƙananan haƙora, a wanke daga wuya zuwa ƙasa da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a busar da shi nan da nan.

Maganin amai na yara fa, ko farasitamol?

Farasitamol guba ne ga kyanwa, babba da ƙarama. Hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin tsayar da amai na mutane, jiƙo, da ragowar maganin ƙwayoyin cuta da ke gida duk a bar su. Dettol da Crésyl, magungunan wanke ɗaki, su ma kada su taɓa jikinsa ko shimfiɗarsa.

Yaushe ne ya wuce na gida?

Idan ya yi amai fiye da sau biyu cikin wuni ɗaya bayan an gyara ɗumi da ma'auni. Idan ruwan gishiri da sukarin ma ba ya zama. Idan akwai jini ko ruwa kore a aman, ko amai da zawo sun haɗu. Idan ya ƙi tsotso sau biyu a jere, ko cibiyarsa ta kumbura ta yi ja, ko numfashi ya sauya. A nan abin da yake buƙata shi ne ruwa ta ƙarƙashin fata da allura, wani lokaci ciyarwa ta siririn bututu, waɗanda ba a koyonsu da ka. A je ofishin ma'aikatar kiwo ko wajen likitan dabbobi mai zaman kansa. Yawancin aikinsu a kan shanu, tumaki da raƙuma ne, don haka ku je da takardar nauyinsa, ku faɗi giram ɗinsa da bakinku kafin a ja magani. Ku ɗauke shi cikin kwali da gorar ɗumi, ba a buɗe a kan babur iska na dukansa ba.

Marayan da bai sha dakashin uwarsa a ranar farko ba shi ne ya fi kowa saurin kamuwa da cuta, domin garkuwar da ke cikin dakashi a wannan ranar kaɗai hanjinsa ke iya ɗauka. Cutar da aka fi tsoro ita ce wadda ake kira tifus na kyanwa: zazzaɓi, amai mai kumfa, zawo mai wari, ya tsuguna ya ƙi komai, kuma takan bi ƴan uwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayarta tana iya shekara a wuri ba ta mutu ba. A ware marar lafiyan, a ƙone kwali da tsummokaran, a wanke kwanoni da daɓe da ruwan Javel, awo ɗaya a awo 30 na ruwa in mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ne, a bari ya yi minti goma kafin a ɗauraye. Riga-kafinta ana farawa ne wajen sati takwas.

Akwai kyanwa mai shayarwa a maƙwabta. Zan iya kai mata shi?

Idan lafiyarsa ƙalau, aman na ma'auni ne kawai, wannan ya fi kowace madarar gwangwani. Mussa mai jego takan karɓi ɗan wata kyanwar, musamman in girmansa ya yi daidai da nata. A goga masa tsumman shimfiɗarta, a sa shi cikin ƴaƴanta, a zauna a gani. In ta lashe shi ta karɓa. A ci gaba da auna shi, manyan na iya ture shi daga nono. Wanda ke amai da zawo kuwa ba a kai shi, sai ya shafa wa sauran.

Yana lafiya da madara, sai da aka fara ba shi abinci ya fara amai.

Yaye daga sati huɗu yake farawa, a kammala wajen sati bakwai zuwa takwas. A fara da dafaffen naman kaza ko kifi marar ƙaya, ba gishiri ba yaji, a niƙa da madararsa ya zama kamar kunu, kaɗan a faranti marar zurfi. Tuwo da miya ba nasa ba ne, albasa da tafarnuwar da ke cikin miya suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa. Sabon abu ɗaya a lokaci guda, a ba shi kwana biyu kafin a ƙara wani. In kuwa duk abinci mai ƙarfi da ya haɗiya sai ya dawo a dunƙule kamar yadda ya shiga, alhali madara na wucewa, yana iya zama matsewar hanyar abinci da aka haife shi da ita. A nuna wa likita.

Aman nasa zai iya cutar da yaran gida?

Tifus na kyanwa ba ya kama mutum. Amma ƙwan tsutsar da ke cikin kashinsa da ƙwayoyin zawo suna iya shiga bakin yaro ta hannu, saboda haka a wanke hannu da sabulu bayan kowace shayarwa da goge-goge, mai juna biyu kuma ta bar wa wani aikin kwashe kashi. In wanda aka tsinto a titi ya ciji mutum ko ya yage shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a tafi likita a ranar, a faɗa musu ba a san uwarsa ba.